Gigin tsufa: abin da za ku duba kafin ku bar tsohonku a hannun wasu

A Birnin Gwari, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, tsoho a ɗakinsa yake ƙarasa kwanakinsa, cikin 'ya'ya da jikoki da surukai. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun girgiza wannan tsari. Tun daga harin masallacin Dogon Dawa a 2012, zuwa na Gwaska a watan Mayun 2018, da waɗanda suka biyo baya a ƙauyukan bakin dajin Kamuku da Kuyambana, gidaje da yawa sun watse. Wasu sun shigo cikin gari sun raɓa da dangi, wasu sun nausa Kaduna ko Funtuwa ko Zariya. Gidan da a da mata huɗu ke karɓa-karɓa wajen wanka da ciyar da tsohuwa, yanzu sai ka tarar mace ɗaya ce, ga goyo, ga girki, ga neman na cefane. Sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanu, motoci sun dawo hanya, amma ba kowane gida ne ya sake haɗuwa ba.

Shi ya sa abin da a da ba a ko furta shi, yau ake shawararsa a zaure: a ɗauko mai jinya a biya ta, ko a kai Inna wajen wata 'yar'uwa a riƙa aika mata kuɗi duk wata, ko a kai Baba wajen malami ya zauna, ko a nemi ƙaramin gidan kula da tsofaffi a birni. Ko wanne aka zaɓa, tambayar ɗaya ce. Yaya za a gane ana riƙe shi da kyau, alhali shi kansa ba zai iya ba da labari ba?

Kafin a kai ga wannan, a tabbatar da ciwon tukuna. Gigin tsufa, wanda ake kuma kira cutar mantuwa, lalacewar ƙwaƙwalwa ce da ke shigowa sannu a hankali, cikin watanni da shekaru. Mutum ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba, ya ɓata a hanyar masallacin da ya yi shekara arba'in yana bi, ya ajiye kuɗi ya manta ya ce surukarsa ta sace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma kashi 60 zuwa 70 na ciwon irin wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana ne a 1906. Wani kaso kuma daga hawan jini da toshewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa yake zuwa, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki. A Zariya, binciken da likitocin ƙwaƙwalwa suka wallafa a 2011 ya samu ciwon a jikin kusan mutum 3 cikin kowane 100 na tsofaffin da aka duba. Ba kowane tsoho ke yin sa ba ke nan, kuma ba maita ba ne, ko da tsohuwa ta fita tsakar dare tana sambatu.

Amma idan lafiya lau aka kwanta, cikin kwana biyu ko uku tsoho ya birkice, wannan wani abu ne daban. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, faɗuwar suga, ƙishirwa mai tsanani ko wani sabon magani duk suna rikita tsoho farat ɗaya, kuma suna warkewa in an yi hanzari. Babban asibitin Birnin Gwari ne wurin farko. In ana neman ƙwararru, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Duk wurin da zai karɓi tsohonku bai tambayi wane likita ya gan shi ba, bai nemi katin asibiti ba, kun ga aibinsa na farko tun ba ku zauna ba.

A Ingila akwai hukumar da aka kafa a 2009 wadda ke shiga gidajen kula da tsofaffi, ta duba, ta ba kowanne maki, ta buga sakamakon kowa ya karanta. A nan Najeriya an sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta kama aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Mataki ne mai kyau. Sai dai tsakanin ofis a Abuja da wani ɗaki a bayan layi akwai tafiya, saboda haka mai duba na gaskiya ku ne. Gidajen gajiyayyu na gwamnati, irin na Shahuci a Kano, an tanade su ne domin marasa galihu, kuma ciyar da gajiyayye daban, riƙon mai gigin tsufa daban.

Duk inda ake riƙon tsohonku, ku je ba tare da sanarwa ba. Ziyarar da aka shirya mata, shara da turaren wuta kawai za ta nuna muku. Kuma ku zaɓi lokaci. Da hantsi kowane gida lafiya yake. Lokacin da ke tona asirin wuri shi ne daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba, domin a nan ne ciwon ya fi motsawa ga mutane da yawa, a nan ne kuma mai jinya ta gaji. Tsohuwa za ta tashi ta ƙulle 'yan tsummokaranta a zane, ta ɗora a ka, ta nufi ƙofa, ta ce gida za ta, yara na jiranta, ba a kai wa maigida ruwan alwala ba. Ku saurari amsar da za a ba ta. Wata mai jinyar za ta ce, "Haba Inna, wane gida kuma? Ai an tashi garinku, Malam ma ya rasu tun bara waccan." Gaskiya ta faɗa, amma ga Inna yanzu ne aka yi mata rasuwar, za ta yi kukan sabuwar takaba, gobe da yamma a sake. Wata kuwa za ta ce, "To Inna, bari mu sha kunu tukuna sai in raka ki." Ta karɓi ƙullin, su zaga tsakar gida sau biyu, ta tambaye ta sunayen yaran, ta miƙo mata faranti da wake ta ce a taya ta tsincewa. Kafin a kira isha'i maganar tafiya ta bi ruwa. Wanda ya ga wannan da idonsa ya san rabin abin da ya zo nema.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Bradford ta Ingila, Tom Kitwood, shi ya mayar da irin wannan kallo ya zama ma'auni. Mai duba zai samu lungu ya zauna na sa'o'i, duk bayan minti biyar ya rubuta abin da tsoho ke yi da halin da fuskarsa ke ciki. Ba sai da takardar shaida za ku kwaikwayi wannan ba. Ku zauna awa biyu ku yi shiru. Sau nawa aka yi masa magana ba don a ba shi umarni ba? Da sunan girma ake kiransa, Baba ko Alhaji ko Malam, ko kuwa "kai tsoho"? In za a ɗaga shi, ana gaya masa, ko cicciɓarsa ake yi kawai? Ana hirarsa a gabansa kamar ba ya wurin? Akwai abin da hannunsa ke yi, ko carbi ne, ko ɓarar gyaɗa, ko igiyar da yake tufka, ko kuwa tun safe bango yake kallo? Manomin da ya shekara sittin yana fita gona da asuba ba zai zauna a kujera wuni guda don an ce ya zauna ba. In ba a ba shi abin yi ba, zai nemi ƙofa.

Ƙofar nan ita ce babbar jarrabawa, kuma a garin da daji ke kusa ba abin wasa ba ce. Mai gigin tsufa yana fita ya miƙi hanya bai san inda za shi ba, har mutane su ce kurciya aka yi masa. Tsoron ɓacewarsa gaskiya ne. Abin dubawa shi ne yadda gidan ke maganin wannan tsoro. Gidan kirki yana da tsakar gida mai katanga da inuwa inda zai yi yawonsa, sakatar ƙofar waje tana can sama inda idonsa ba ya kaiwa, rijiya a rufe, murhu da wuƙa da maganin ƙwari ba a inda zai kai hannu ba. An gaya wa maƙwabta da mai shagon bakin layi da 'yan acaɓar unguwa su san fuskarsa. An ɗinka lambar waya a cikin rigarsa, akwai sabon hotonsa a wayar mai jinya. Gidan banza kuwa hanya ɗaya ya sani: a kulle shi a ɗaki, ko a ɗaure.

Mutanen Kaduna ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan inda ɗauri ke kaiwa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a baya, a watan da ya biyo baya aka ga irinsa a Daura da Katsina. Yawancin waɗancan matasa ne da yara, ba tsofaffi ba, amma iyayen da suka kai su da kyakkyawar niyya suka kai, suna biyan kuɗi, kuma ba su taɓa wuce zaure ba. A watan Nuwamban shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan wurare 28 da ta ziyarta a Najeriya, na gwamnati da na gargajiya da na addini, ta tarar da ɗauri a kusan dukkansu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai irin wannan lalura kariya daga azabtarwa da sanya mari. Addu'a da tofi ba su hana magani, babu mai jayayya da wannan. Amma duk inda aka ce ba a shiga ciki, ko sai ranar kaza ake ganin majinyaci, ku juya da tsohonku.

Akwai kuma marin da ba a gani. In kun tarar da tsofaffin gida duka suna gyangyaɗi da rana tsaka, baki a sake, miyau na zuba, in sun tashi suna tangaɗi, kada ku ce wurin akwai natsuwa. Ku ce a kawo magungunan ku gani, kwali da kwali, a nuna muku takardar likitan da ya rubuta. Magungunan barci irin su diazepam, da na masu taɓin hankali irin su haloperidol da Largactil, ana samunsu a kemis cikin sauƙi, kuma gajiyayyar mai jinya tana iya jefa ƙwaya a koko don ta samu ta runtsa. Ga mai gigin tsufa suna jawo faɗuwa da karaya, na taɓin hankalin kuma suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2005, ta faɗaɗa shi a 2008. A Ingila, rahoton Farfesa Sube Banerjee na 2009 ya ƙiyasta ana ba masu gigin tsufa 180,000 magungunan taɓin hankali, kuma suna jawo ƙarin mutuwar kimanin 1,800 a shekara. Akwai lokacin da likita zai ga dole a bayar, kaɗan, na ɗan lokaci, yana bibiya. Wannan hukuncin likita ne, ba na mai gida ba. Haka nan duk wanda ya ce yana da maganin da zai warkar da ciwon kwata-kwata, kuɗinku yake so. Magungunan da ake da su, irin su donepezil da memantine, sassauci suke kawowa na wani lokaci.

Daga nan sai jiki, domin jiki ba ya mantuwa. 'Ya mace ta shiga da mahaifiyarta ɗaki, ɗa namiji ya shiga da mahaifinsa, a ce za a canja kaya. Kunya ce ke hana mutane wannan, kuma a ƙarƙashin kunyar ake ɓoye ɓarna. A dubi wuyan hannu da idon sawu, ko akwai zoben baƙi ko saɓar fata irin ta igiya. A dubi damtse ta ciki, inda yatsu ke barin shaida in an fizgi mutum. Ga wanda ya kwanta, a juya shi a dubi ƙashin gindin baya, da kwatangwalo, da diddige. A fatarmu gyambon kwanciya ba lallai ya fara da ja ba. Wuri ne zai yi duhu fiye da kewayensa, ya yi zafi ko tauri in an taɓa, bayan 'yan kwanaki ya fashe. Maganinsa juyi ne kamar duk bayan awa biyu, dare da rana, da shimfiɗa busasshiya. A ɗaga zanin gado a shafa katifar. A buɗe baki a ga ko harshe ya bushe, ko akwai tsohon tuwo maƙale a kumatu. A dubi farce da tsakanin yatsun ƙafa, musamman ga mai ciwon suga. Zarnin da ya taso yanzu ba laifin kowa ba ne, kowane mai jinya ya san haka. Wanda ya kama bango da labule shi ne ke nuna ana barin mutum cikin fitsari. In rigar da ta yi masa daidai da ƙaramar salla yanzu tana lilo a jikinsa, a tambayi dalili.

Sau da yawa dalilin ba rowa ba ce, gaggawa ce. Ciyar da wanda ciwon ya yi nisa yana cin rabin awa ko fiye. Sai an zaunar da shi sosai, ba a kishingiɗe ba, a ba shi loma ƙarama, a jira ya haɗiye. In yana ƙwarewa da ruwa, kunu mai ɗan kauri ko fate ya fi masa sauƙi, kuma a gaya wa likita, domin abincin da ya bi ta hanyar iska shi ke zama ciwon huhu. Wanda aka dire wa kwano aka tafi, aka dawo aka ɗauke da abincin a ciki, za a ce "ba ya ci," alhali ya manta yadda ake farawa ne. Ruwa ma sai an miƙa, ba zai nema ba, ko da a zafin watan Afrilu ne. Batun azumi kuwa malamai sun gama magana: wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗora masa. Salla dai a bar shi ya yi yadda ya iya, ko raka'a nawa ya jero, kada a tsaya gyara masa.

Duk wannan aiki hannu yake ci, saboda haka ku ƙirga hannuwan. Ƙanƙantar gida alheri ce in akwai mutane. A Japan, tun da aka kawo inshorar kula da tsofaffi a 2000, gidajen masu wannan ciwo mutum biyar zuwa tara suke ɗauka a rukuni ɗaya, a yi girki tare, a yi shara tare. A ƙauyen Hogeweyk na ƙasar Holan, wanda aka buɗe a 2009 domin masu wannan ciwo, mutum shida ko bakwai ne a kowane gida. Hikimar ita ce fuskoki kaɗan, kullum su ne, har tsoho ya saba da murya ko ya manta suna. Amma ƙaramin gida yana da nasa haɗarin: in mutum ɗaya ya kwanta ciwo ko ya tafi biki, babu madadi, kuma babu idon da ke ganin abin da ake yi. Ku tambayi wa ke kwana da su, ku ce a nuna muku shi. In 'yar aiki ce 'yar shekara goma sha uku aka bar wa tsofaffi huɗu da dare, an zalunci yarinyar an zalunci tsofaffin. Ku ja mai jinya gefe ku tambaye ta tun yaushe take nan, ana biyanta a kan kari, tana samun ranar hutu. Ni a wurina amsar wannan ta fi fentin bango da talabijin ɗin falo nauyi nesa ba kusa ba. Wadda ke bin bashin albashin wata uku, ba ta yi barcin kirki ba, komai imaninta wata rana hannunta zai yi nauyi. Wannan ya shafi surukar da ke jinya a cikin gida ma, wadda ba a biya, ba a kuma cika gode mata ba.

Sai shirin ko-ta-kwana. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kimanin kilomita 120 ne, ta Udawa da Buruku, kuma kowa ya san shekarun da sai da rakiyar jami'an tsaro ake bin hanyar. A ƙarshen 2021 an katse layukan waya a yankin na tsawon makonni. Gidan da ya san aikinsa yana da amsa a baki: motar wa za a kira da tsakar dare, wane ma'aikacin lafiya ne ke leƙowa, maganin hawan jini da na suga na sati nawa ke ajiye, wa za a aika in waya ta ƙi. Yana da littafi, ko na 'yan makaranta ne, da ake rubuta abin da aka ci, da maganin da aka sha, da ranar da aka faɗi. Gidan da ya ce ba a taɓa faɗuwa a cikinsa ba, ko dai ba a rubutawa, ko ba a barin kowa ya tashi.

Kuɗi kuma a yi maganarsu a fili tun ranar farko, a rubuta, a sa shaidu, in da hali har da mai unguwa: nawa ne a wata, me ya ƙunsa, wa ke sayen magani da sabulu da kunzugu. Katin banki, takardun fansho da na gona su zauna a hannun wanda dangi suka amince da shi, ba a hannun mai riƙo ba. Mai gigin tsufa zai dangwala yatsa a kowace takarda in aka yi masa murmushi. Zargin sata da yake yi yawanci ciwon ne, amma kada a mayar da wannan hujjar toshe kunne. In kullum mutum ɗaya yake nunawa, ko yana ƙanƙame jiki in wannan mutumin ya shigo, a bincika.

Sauya wuri kansa yana ƙara rikita mai wannan ciwo, waɗanda suka yi gudun hijira da tsofaffinsu sun ga haka. Don haka ƙananan aibobi, irin ƙarancin gishiri a miya ko wanki da ya makara, gyara ake nema a yi, a dawo bayan sati a ga ko an yi. Abubuwa huɗu ne ba a jira a kansu: shaidar ɗauri ko duka, gyambo mai zurfi da aka ɓoye muku, maganin barci ba da takardar likita ba, da hana ku ganinsa. In kun ga ɗaya, ku ɗauki hoto, ku fita da shi a ranar, ku fara biyawa ta asibiti a duba shi a rubuta abin da aka gani. Da wannan takarda za ku je wurin 'yan sanda, ko sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Kaduna, domin akwai sauran tsofaffin da kuka baro a gidan.